Ido Ba Mudu Ba

Ƙarfe goma aka ce, sha ɗaya da rabi muka fara,
a saman bene, bayan tashar Dukku,
fanka ɗaya na juyi, ɗaya ta yi murabus.
Dillalai talatin da 'yan kai,
kowa da waya biyu,
kowa da makullan gidajen da ba nasa ba
suna kuka a aljihu.

Na zo da tef ɗin awo da majigi,
da shekara goma sha huɗu ta aiki,
da ɗan girman kai, ba zan ɓoye ba.

Na ce: Jama'a, fenti ba daraja ba ne.
Yakan rufe tsaga, ba ya ɗinke ta.
Ku ƙwanƙwasa bulo ku ji wa zai amsa, siminti ko yashi.
Ku nemi takarda kafin ku yabi tayil.
Ba a yi wa gidan Tumfure kuɗin Jekadafari
don kawai ɗakuna sun zo ɗaya.
Ku je da damina, rani mai shaidar zur ne.
Ku zaga baya ku ga inda kwari ya kwana bana,
taku nawa ya ci daga bara.

Wani mai zanna bukar ya ɗaga murya daga baya:
"Ido ba mudu ba, ya san kima!"
Aka kwashe da dariya.
Na ce idon da ke jiran la'ada
yakan ga mudu biyu inda ɗaya yake.
Dariyar ta ja da baya.

Sai hoto na bakwai.
Ginin ƙasa da aka sa wa rigar siminti, a Herwagana:
zaure, ɗaki huɗu, rijiya, bishiyar goba.
Ban ce na wane ne ba.
Na ce shekara ashirin ke nan aka sayar da shi
rabin kuɗinsa,
ba awo, ba lissafi,
dillali ya yi gaggawa, magada suka dangwala yatsa.

Aka ɗauke wuta.

"Gidan Gidado tela ne."

Wani tsoho ne a bakin taga, Baffa Jungudo,
goro a kunci, bai ko miƙe ba.
"Ni na sayar.
Na ce mata ta jira kaka, manoma su sayar da wake,
kuɗi zai shigo gari.
Ta ce ba ta da kaka, Litinin gare ta.
Yaronta ya samu gurbi a Bauchi, karatun awon gidaje,
ranar Litinin ake rufe rajista.
Kwana uku na yi ina roƙon mai saye.
La'adata kuwa na ƙulle a leda,
na tura ƙarƙashin keken ɗinkin marigayi."

Ya juya goron.
"Kai ne yaron, ko? Kunnen Gidado ne da kai."

Janareto ya yi tari sau biyu, ya tashi.
Gobar ta dawo jikin bango,
reshen da na karya hannu a kai yana nan.
Na duba takardata:
fili, gini, unguwa, shaidar mallaka, shekaru.
Babu layin da ake rubuta Litinin.

Na sha ruwan leda. Na ƙarasa jawabin,
don maganar damina gaskiya ce, haka ta kwari,
shi ma ya gyaɗa kai.

A matakala ya kama hannun rigata.
Akwai wani gida a Pantami, na marayu,
in zo in auna masa ranar Alhamis. Nawa zan karɓa?
Na ce kyauta, Baffa.
Ya ce a'a, yaro,
awon da ba a biya ba, mai saye ba ya yarda da shi.
Na faɗi kuɗin.

Ya nemi ragi.